The House of the Devil: tsoron yana cikin jiran

Duk wanda zai kalli The House of the Devil, wato Gidan Shaiɗan, ya fara sanin cewa fim ne mai tafiyar hawainiya, kuma da gangan aka yi shi haka. Tsawonsa minti 95 ne, amma sai an ci fiye da awa guda kafin matsafan da sunan fim ɗin ya yi alkawari su fito da ainihin kamanninsu. Masu kushe shi kan ce babu abin da ke faruwa a ciki, yarinya ce kawai ke zagaye gida. Ni kuwa wannan zagayen ne ya hana ni sakat, ya fi duk jinin da aka zubar daga baya tayar mini da hankali.

Ti West ne ya rubuta labarin, ya ba da umarni, ya kuma tace hotunan da kansa. Fim ɗin ya fito a 2009, amma an ajiye labarinsa a farkon shekarun 1980 a Amurka. Samantha, wadda Jocelin Donahue ta fito a matsayinta, ɗalibar jami'a ce da zama da abokiyar ɗakinta ya ishe ta. Ta samu gidan haya, ana neman dala 300 a hannunta cikin 'yan kwanaki, ita kuwa ba ta da su. Sai ta ga takardar neman mai rainon yaro, ta kira lambar. Ƙawarta Megan, wato Greta Gerwig tun kafin ta zama babbar darakta, ta ɗauke ta a mota zuwa wani tsohon gida a bayan gari, a daren da ake jiran husufin wata.

Tun daga zaman falo na san fim ɗin ya san abin da yake yi. Maigidan, Mista Ulman, Tom Noonan ne, dogon mutum mai dogara sanda, mai magana a hankali kamar yana jin kunya. Bai yi tsawa ba, bai zare ido ba. Haƙuri yake ta bayarwa, sannan ya fito da gaskiya cewa babu wani yaro a gidan, tsohuwa ce a sama ake so a zauna mata. Samantha ta miƙe za ta tafi, shi kuma ya riƙa ƙara kuɗi, ciniki ya tashi daga dala 100 har ya kai 400. Megan ta ja ta gefe ta gaya mata abin da kowane mai kallo ke faɗa a ransa, cewa wannan kuɗin ya yi yawa a kan aikin awa huɗu, su tafi. Ban ga wauta a zaman da Samantha ta yi ba, ban kuma ga kwaɗayi ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Fim ɗin ya ɗauki lokacinsa ya nuna mana talaucinta tun farko, shi ya sa da ta ce za ta zauna, tausayinta na ji, ba haushi ba.

Daga nan aka bar ta ita kaɗai, kuma nan ne zuciyar fim ɗin. Ta leƙa wannan ɗaki, ta buɗe wancan. Ta kunna talabijin ta kashe. Ta kira mai kawo fiza da lambar da maigidan ya yi ta nanata mata cewa tana manne a jikin firiji. Ta kira Megan a wayar da ke maƙale a bangon kicin, na'urar ɗaukar saƙo ce kawai ke amsawa. Mu kuwa mun riga mun ga abin da ya sami Megan a hanya, a wani harbi guda da ya zo ba zato ba tsammani, ya wuce cikin ƙiftawar ido. Harbin nan shi ne jarin fim ɗin gaba ɗaya. Bayan shi, duk ƙofar da Samantha ta nufa sai ka ji gabanka ya faɗi, domin ka san mutanen nan ba wasa suka zo yi ba, ita kuwa ba ta sani ba.

Akwai inda ta sa kaset a ƙaramar rediyonta ta Walkman, ta toshe kunnuwanta, ta shiga rawa daga ɗaki zuwa ɗaki, ta hau bene tana tsalle. Wuri ne na farin ciki, waƙar ma mai daɗi ce, amma ni a nan na fi ƙosawa. Ta rufe kunnenta a gidan da ya kamata ta kasa kunne. Kyamara tana bin ta daga nesa, wani lokaci ta waje ta cikin taga, kamar idon wani ne da ya laɓe. Rawar ta ƙare ne da ta ture tulun ado ya fashe, kuma garin share fasassun ta ci karo da hotunan wasu iyali dabam a tsaye kusa da motar da ta gani a ƙofar gidan. Can kuma ta tsaya a bakin wata ƙofa a sama tana yi wa tsohuwar magana, babu amsa. Sai kyamara ta bar ta a nan, ta ratsa zuwa cikin ɗakin a hankali, ta nuna mana gawarwaki kwance a kan zanen tauraro mai kusurwa biyar. Ita ta juya ta sauka abinta. Ba a buga wani ƙara mai firgitarwa ba. An dai ɗora mana nauyin sanin abin, aka bar mu da shi.

Kamannin tsohon fim da aka ba shi ba ado ba ne kawai. A kan fim mai faɗin milimita 16 aka ɗauke shi, shi ya sa hoton ke da ɗan tsakuwa-tsakuwa, launukansa suka dushe zuwa ruwan ƙasa da rawaya. Sunayen 'yan wasa sun fito da rawayen rubutu, hoto yana tsayawa cak kamar yadda ake yi a da. Maimakon a tura kyamara kusa da mutum, sai a jawo shi da gilashinta a hankali, salon da aka daina yayi. Amma babban amfanin mayar da labarin baya shi ne babu wayar hannu. Waya ɗaya ce mai igiya, iyakar igiyar iyakar taimako. Kiɗan Jeff Grace ma ba ya cika wuri. Sau da yawa ƙarar bututun ruwa ne kawai, da kukan katakon bene, da motsin wani abu a sama.

Zamanin da aka zaɓa yana da dalili. A shekarun 1980 Amurka ta shiga ruɗanin tsoron masu bautar Shaiɗan, ana ta yaɗa cewa ƙungiyoyin asiri na cin zarafin yara. Shari'ar makarantar renon yara ta McMartin a Kalifoniya ta samo asali daga irin wannan zargi da aka yi a 1983, ta ja har 1990, ba a samu kowa da laifi ba. A 1992 wani jami'in hukumar FBI, Kenneth Lanning, ya fitar da rahoton da ya nuna babu hujjar da ta tabbatar da irin waɗannan ƙungiyoyin kisa da ake ta faɗa. Fim ɗin ya ɗauki wannan fargabar ya ce, to, a ƙaddara da gaske ne. Wannan dabara ce mai kyau ta labari. Abin da bai kwanta mini ba shi ne rubutun farko da ke cewa an gina shi a kan abubuwan da suka faru da gaske. Na san kwaikwayon tsofaffin finafinai ne, amma jita-jitar nan ta kai bayin Allah kurkuku ta rusa gidaje, bai kamata a sake shafa mata man gaskiya ba ko da sunan salo.

Babban rauninsa kuwa ƙarshensa ne. Da Samantha ta farka a ɗaure, matsafan suka kewaye ta, sai komai ya koma gudu da ihu da walƙiyar hotuna. Fuskar tsohuwar da muka daɗe muna tsoro a zuci, da aka nuna ta, kwalliyar dodo ce irin wadda aka saba gani. Jini ya yi yawa, tsoro ya ragu. Ba zan faɗi yadda ta kaya ba, amma mintunan nan na ƙarshe kowane darakta zai iya yin su, alhali awa ɗayan da ta gabace su sai mai haƙuri da sanin aiki.

Ga mai niyyar kallo, ba fim ɗin yara ba ne ko kusa, kuma wurin tsafin akwai ƙazanta da ɗura wa mutum jini a baki, abin da zai sa mai imani ya nemi tsari ya kau da kai. Fim ɗin bai ƙawata bautar Shaiɗan ba, makasa mayaudara ya nuna su, amma wanda zuciyarsa ba ta ɗaukar irin wannan gara ya haƙura. Kada a kalle shi a waya da rana ana hira, ko a riƙa tura shi gaba don a kai wurin faɗa, domin duk wanda ya tsallake zaman gidan ya tsallake fim ɗin. Kuma ko da an samu wanda aka yi wa fassarar Hausa irin wadda mai fassara ke cike kowane shiru da barkwanci, a nemi na asalin. A kashe fitila, a ɗaga sauti ko a sa iyafis, a ba shi minti 95 ɗinsa a zama ɗaya.