Wane littafin makarantar sihiri ya kamata ka fara saye wa matashi?

Kusan duk littattafan nan bangonsu iri ɗaya ne: yaro da sanda, ga dogon gini a bayansa. Abin da ke ciki kuwa ya sha bamban, don haka shekarun mai karatu za ka fara dubawa kafin ka zaro kuɗi.

Harry Potter na J.K. Rowling shi ne kowa ke fara ambata. Littattafai 7 ne, na farko ya fito a 1997, na ƙarshe a 2007. Harry yana shekara 11 aka fara labarin, kusan kowane littafi kuma shekara guda ce a makaranta, sai labarin ke girma tare da shi. Ukun farko yaro ɗan shekara goma zai sha su kamar ruwa. Daga na huɗu abin ya fara duhu, ana mutuwa, littattafan kuma suka yi kauri. Na biyar ya haura shafi 700. Shi ya sa ban ga hikimar sayen duka bakwai a tashi guda ba. Sayi na farko tukuna, in ya roƙi na biyu ka san kuɗinka ba su tafi a banza ba. A kula, na farkon sunansa biyu: Philosopher's Stone a Ingila, Sorcerer's Stone a Amurka. Labari ɗaya ne, kada a saya sau biyu.

A Wizard of Earthsea na Ursula Le Guin, na 1968, shi na fi so, amma ba kowa zan ba shi ba. Gajere ne, tafiyarsa a hankali, zaman makarantar ma ɗan ɓangare ne kawai. Sihirinsu sanin ainihin sunan abu ne, kuma girman kai ne ya jefa Ged, jarumin labarin, cikin bala'i. Ya dace da matashi mai haƙuri, ba mai neman faɗa a kowane babi ba.

Akata Witch na Nnedi Okorafor, na 2011, labarin Sunny ne, zabiya 'yar shekara 12 da aka haifa a Amurka take zaune a Najeriya. Ba makarantar kwana ba ce; da rana tana ajinta, a ɓoye kuma tana koyo wurin malamai. Mugun da ke cikin labarin yara yake kashewa, sai a yi la'akari da wannan.

A Deadly Education na Naomi Novik, na 2020, makaranta ce babu malami ko ɗaya, dodanni na cinye ɗalibai. Wannan sai ɗan shekara 16 zuwa sama.

In mai karatun bai saba da dogon Turanci ba, samo masa na saurare ya haɗa da na takarda, yana ji yana bin layi da yatsa.