Ranar da yarinyar kanti ta hana ni ba Alhaji ruwa

Jama'ar gida, shekarata uku a Ingila ban taɓa shan kunya irin ta wata Asabar ba. Mun shiga kanti a Manchester da wani Alhaji, dattijo ɗan Kumasi, yana ba ni labari sai harshensa ya fara sarƙewa, ledar da ke hannunsa na dama ta faɗi. Na zaunar da shi ina salati, na buɗe robar ruwa zan kafa masa. Sai yarinyar da ke karɓar kuɗi, sa'ar ƙanwata, ta daka min tsawa ta fizge robar. A bainar jama'a!

Ta ce masa ya yi murmushi, gefen bakin bai motsa ba. Ta ce ya ɗaga hannuwa biyu, na dama ya sulale. Ta dubi agogo, ta rubuta lokacin a bayan rasit, ta buga 999, lambar kiran gaggawa.

A asibiti likita ta warware min. Shanyewar ɓarin jiki daga ƙwaƙwalwa take: ko gudan jini ya toshe jijiya, wanda shi ya fi yawa, ko jijiyar ta fashe. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ke juya daman jiki, galibi magana ma a can take, shi ya sa hannu da harshe suka tafi tare. Haɗiya ma takan gagara, ruwan nan nawa da huhu zai zarce. Allurar narkar da gudan jinin kuwa ana so a yi ta cikin awa 4 da rabi, kuma sai an ɗauki hoton kai, don in fashewa ce allurar ƙara zubar jinin za ta yi. Lokacin da ke bayan rasit ɗin nan suka fara tambaya.

Nan Baffa ya faɗo min a rai, Allah ya jiƙansa. Kwana uku ana hayaƙi da tofi, wai iska ce ta buge shi a banɗaki, alhali hawan jini gare shi, ya ajiye magani don wai ya ji sauƙi. Da aka kai shi, sai da aka yi karo-karon kuɗin hoto.

Kada ku ɗauka nan ɗin aljanna ce. Ciwon baya ya sa na yi mako biyu ina buga waya ƙarfe takwas na safe ban ga likita ba. Kuma kwana tara Alhaji na kwance, daga ni sai matarsa. Da a Kano ne, da 'yan dubiya sun cika baranda da kuloli. Jiya na kai masa kunun gyaɗa, ma'aikaciyar jinya ta ce ba zai sha ba sai ta duba kaurinsa.