Jama'ar Katsina, ku yi hattara da mai na'urar tace ruwan sama

Naira 85,000! Wallahi in na tuna har yanzu raina tafasa yake. Naira 85,000 na tura wa mutumin nan a ƙofar gidana, nan Ƙofar Ƙaura, farkon damina.

Kuma kada wanda ya ce min sakarci ne. Fes ya zo, da kati rataye a wuya, wai daga wata hukuma a Abuja. Ya ce, "Alhaji, ka san ruwan sama na sauko da burbushi mai tururin nukiliya, kuma a damina ya fi yawa?" Sai ya zaro wata 'yar na'ura ya kara a bakin tankinmu, ta kama ƙyas-ƙyas-ƙyas. Da kunnena na ji. Ruwan da yarana ke sha ne fa. Wane uba ne zai ji wannan ƙarar ya tsaya ciniki?

Abin da ya fi ƙona min rai, da gaskiya ya cuce ni. Ɗan yayata mai karatun kimiyya a Zariya ya ce, "Kawu, ai tun fil azal haka abin yake." Akwai beriliyam-7, wanda ke samuwa can sama idan haskoki daga sararin samaniya suka bugi iska, kuma cikin kwana 53 rabinsa ya lalace. Akwai dalma-210, daga iskar radon da ke fitowa daga ƙasar da muke takawa. Ruwa ke wanko su, shi ya sa sun fi sauka a damina, amma ɗan kaɗan ne, ba abin tayar da hankali ba. Na'urar kuwa ko bangon ɗaki ka kara wa sai ta yi ƙara.

Kafin nan ma na riga na kwance na'urar tace ruwan da ya sayar min ya ɗaura. Bututun roba ne, da yashi da gawayi a ciki. Gawayi! 50,000 ya fara karɓa, sannan 35,000 wai kuɗin haɗawa. Tun ranar farko yake cewa zai dawo da hunturu da wata na'urar ta ƙurar hazo. Yanzu layinsa a kashe.

Anjima zan sa hoton alat ɗin da na bututun, kowa ya gani.

In ya zo muku da na'ura mai ƙara, kada ku ba shi ko sisi. Naira 85,000 a wannan tsadar, kuɗin makarantar yara ne na taɓa. Allah ya isa tsakanina da shi.