Manhajar Forest: tana raba ɗalibi da wayarsa, amma ba ta buɗe masa littafi

Forest manhaja ce ta waya da kamfanin Seekrtech na ƙasar Taiwan ya fitar a 2014, kuma aikinta guda ɗaya ne: ta sa mutum ya ajiye waya na tsawon lokacin da ya ɗibar wa kansa. Za ka zaɓi lokacin, daga minti 10 zuwa minti 120, ka danna maɓallin shuka, sai ɗan tsiro ya bayyana a allon wayar yana girma a hankali. Idan ka daure har lokacin ya cika, tsiron ya zama bishiya, a dasa maka ita a filinka na wannan rana. Idan kuwa ka fita ka leƙa WhatsApp ko TikTok, bishiyar ta bushe, busasshen itacen kuma ya tsaya a tsakiyar filin tare da koraye.

Hukuncinmu a kanta shi ne: ga ɗalibin da waya ce babbar matsalarsa, Forest tana da amfani sosai. Wanda kuwa tsoron aikin ne ke hana shi farawa, ko bai san ta inda zai kama ba, manhajar ita kaɗai ba za ta fisshe shi ba, har ma tana iya ruɗarsa ya ɗauka yana karatu alhali zaman banza yake yi.

Abin da ta ƙware a kai shi ne wannan ɗan lokaci da hannu ke kai wa waya ba tare da an yi niyya ba. Ɗalibi yana tsakiyar shafi, ya ci karo da jimlar da ta yi masa tsauri, kafin ya ankara waya tana hannunsa. A nan ne yake ganin tsiron da ya kai rabi da agogon da ke cewa saura minti 11. Wannan tsaikon na daƙiƙa biyu ko uku ya isa ya tuna masa abin da ya zauna yi. Hasarar bishiyar hoto ba wani abu ba ce, amma zuciya ba ta son ganin abin da ta fara ya lalace a hannunta, kuma a kan wannan ne aka gina manhajar gaba ɗaya. Tsarin yana aiki, musamman a makonnin farko.

Sai dai akwai saitin da idan ba a gyara ba, duk wannan ba zai faru ba. Na farko shi ne Deep Focus, wato saitin da ke sa bishiya ta bushe idan aka fita daga manhajar. Idan a kashe yake, mutum zai iya fita daga manhajar ya yi yawonsa a intanet bishiyar na ci gaba da girma, ka ga ke nan an yi ba a yi ba. A kunna shi tun ranar farko. Na biyu, a wayoyin Android sai an ba manhajar izinin ganin waɗanne manhajoji ake buɗewa, in ba haka ba ba za ta san ka fita ba. Na uku kuma shi ne wanda ya fi ɓata wa mutane rai: tsarin tattalin batir na wasu wayoyin yana rufe duk manhajar da ke aiki a ɓoye da zarar allo ya mutu, sai mutum ya gama zaman minti 40 cur ya tarar agogon ya rikice ko bishiyar ta bushe ba laifinsa. Maganin shi ne a shiga saitin batir a cire Forest daga jerin manhajojin da ake taƙaita wa aiki. Wanda ke buƙatar ƙamus ko kalkuleta yayin karatu zai iya saka su a jerin manhajojin da aka yarje wa buɗewa, amma a kiyaye: da zarar burauza ko YouTube sun shiga wannan jeri da sunan “ai darasi zan kalla”, ƙofar da aka rufe ta sake buɗewa.

Yanzu ga inda take da rauni, kuma nan ne ya kamata ɗalibi ya fi natsuwa. Jan ƙafa a karatu ba lalaci ba ne a mafi yawan lokuta. Masu binciken halayyar ɗan Adam irin su Fuschia Sirois da Timothy Pychyl sun yi bayani a 2013 cewa mai ɗage aiki yana gudun wani ɓacin rai ne da aikin ke jawo masa: gundura, ko fargabar faɗuwa, ko ruɗanin rashin sanin mafari. Da ya ce “sai anjima”, sai ya ji sanyi a ransa nan take, kuma wannan sanyin ne ke koya masa ya sake faɗin haka gobe. Waya mafaka ce kawai. Idan aka toshe ta, mai gudun aiki zai sami wata: ya tashi gyaran ɗaki, ya shiga jera littattafai, ya zauna yana ƙawata jadawalin karatu da biro kala uku. Duk wannan lokacin bishiyarsa tana girma lafiya lau, domin Forest ba ta san abin da ake yi a kan tebur ba. Abin da take aunawa shi ne mintunan da ba a taɓa waya ba, ba abin da ya shiga kai ba.

Wannan sanyin na ɗan lokaci yana da tsada. Dianne Tice da Roy Baumeister sun bi diddigin ɗaliban jami’a a binciken da suka wallafa a 1997, suka ga masu ɗage aiki sun fi kowa kwanciyar hankali a farkon zangon karatu, amma da ƙarshen zango ya zo sun fi sauran damuwa da rashin lafiya, makinsu kuma ya fi ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka, kafin a danna maɓallin shuka, a rubuta a takarda ainihin abin da za a yi a wannan zama. “Karatun kimiyyar sinadarai” ba aiki ba ne, suna ne na darasi, kuma girmansa ne ke sa gaba ya faɗi. “Amsa tambaya ta 1 zuwa ta 5 a ƙarshen babi na 3” aiki ne, domin yana da farko yana da ƙarshe. Idan jinga ce ko kundin kammala karatu, a yanko ɓangaren da bai wuce zama ɗaya ba: tsara kanun batutuwa, ko rubuta sakin layi biyu ko da ba su yi kyau ba. Sannan a ɗaure aikin da lokaci da wuri, kamar “idan na dawo daga lakcar ƙarshe na ajiye jaka, zan zauna a tebur in buɗe babi na 3”. Peter Gollwitzer ya yi cikakken bayanin wannan dabara a 1999, kuma ƙarfinta shi ne an riga an yanke shawara tun kafin kasala ta zo da nata uzurin.

Kuskuren da sababbin masu amfani da manhajar suka fi yi shi ne zaɓar dogon lokaci. Ɗalibin da ya yi mako biyu bai buɗe littafi ba sai ya saita minti 90 saboda zafin nama, ya kashe bishiyar a minti na 20, ya ji haushin kansa, ya goge manhajar. A fara da minti 10, mafi ƙanƙantar abin da agogon ke bayarwa. Farawa ce mai wuya. Sau da yawa idan minti 10 ɗin suka cika mutum ya riga ya shiga aikin, shi da kansa zai ƙara. Bayan kwana kaɗan a koma tsarin Pomodoro da Francesco Cirillo ɗan ƙasar Italiya ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980: aiki na minti 25, hutu na minti 5, bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu na minti 15 zuwa 30. Darussan lissafi da rubutu mai tsawo sukan fi son minti 45 ko 50, domin minti 25 na iya katse tunani daidai lokacin da ya fara zurfi. Hutun kuma kada a yi shi a waya. Minti 5 a dandalin sada zumunta ba ya tsayawa a 5. A miƙe, a sha ruwa, a ɗan taka.

Abu ɗaya da manhajar ba za ta taɓa tambayarka ba, kai za ka tambayi kanka: me na riƙe? A ware minti 3 na ƙarshen kowane zama, a rufe littafi, a rubuta abin da aka tuna ba tare da leƙe ba. Gwajin da Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka wallafa a 2006 ya nuna cewa masu maimaita karanta rubutu sun fi tunawa bayan minti 5, amma bayan mako guda waɗanda suka gwada kansu ne suka yi musu fintinkau. Wannan takarda ta ƙarshen zama ita ce shaidar karatu, ba yawan bishiyoyi ba.

Shuka ta haɗin gwiwa na daga cikin abubuwan da muka fi yabawa. Abokai suna shiga ɗaki ɗaya a manhajar su shuka tare, kuma idan mutum ɗaya ya karya, bishiyar kowa ta bushe. Kunyar abokai ta fi tausayin bishiya ƙarfi nesa ba kusa ba. Ya fi kyau da mutum biyu zuwa huɗu masu jarrabawa iri ɗaya a gabansu. Idan taron ya yi yawa, kullum sai an sami wanda kira ya shigo masa, sauran su gaji su watse.

Akwai kuma tsabar kuɗin wasa na cikin manhajar da ake samu bayan kowane zama, waɗanda ake buɗe sababbin nau’in bishiyoyi da su. Wanda ya tara 2,500 zai iya ba da su a dasa bishiya ta gaske ta hannun ƙungiyar Trees for the Future, kodayake an ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai iya dasawa. Abu ne mai kyau, amma a nan ma akwai tarko: wasu sukan koma shuka suna barci ko suna kallon talabijin don kawai tsabar ta taru, daga nan alƙaluman mako sun daina faɗin gaskiya. Alamomin da ake liƙa wa kowane zama, wato sunan darasin da aka yi, sun fi tsabar amfani. Idan aka duba a ƙarshen mako aka ga darasin da ake so ya cinye awa shida, wanda ake tsoro bai sami ko minti 30 ba, to an gano inda jan ƙafar yake. Wannan darasin ne ya kamata ya karɓi zaman farko na mako mai zuwa.

A Android ana sauke ta kyauta tare da tallace-tallace, wasu ɓangarori kuma sai an biya. Shawararmu ita ce a yi mako biyu da abin da ke hannu kafin a kashe ko sisi. Akwai kuma ƙarin da ake saka wa burauzar Chrome don toshe shafuka, wanda mai karatu a kwamfuta ke buƙata, tunda toshe waya kaɗai ba ya hana buɗe wani shafin a can.

Wanda ya ga yana kashe bishiya uku cikin biyar duk da gajerun zama, ya daina dogaro da manhajar ita kaɗai: ya shuka, ya kai wayar wani ɗaki, ya dawo da takarda da biro. Idan kuma rashin kuzarin ya wuce karatu, ya taɓa barci da cin abinci da sha’awar komai har tsawon mako biyu ko fiye, wannan ba aikin agogo ba ne. A ga likita ko mai ba ɗalibai shawara a makaranta.