Rediyo mai katin karatu da ake saya wa tsofaffi: abin dubawa kafin a biya

Duk wanda ya ratsa wajen masu kayan lantarki a babbar kasuwar Maraɗi ya san ta: ƙaramar rediyon nan da ba ta wuce sabulun wanki girma ba, mai lambobi 0 zuwa 9 a fuska, da ramin katin memori a gefe, wani sa'in har da fitila a ka. Sunayen da ke jikinsu ba su ƙirguwa, amma akasarinsu ƙirar Sin ne, kuma aikinsu kusan ɗaya. An fi sayenta gab da azumi, ko in ɗa zai je gaida iyaye a Tibiri, Madarunfa ko Gidan Runji yana neman tsarabar da za ta fi goro daɗewa. Ga tsohon da ido ya fara gaza masa wajen duba Alƙur'ani, ko tsohuwar da ciwon ƙafa ya hana zuwa wurin tafsiri, kaya ce da ta ci kuɗinta. Sai dai masu saye sun fi duba launi da ƙarfin sauti, su bar abin da aka zuba a katin, alhali nan ne ake yin kuskuren da ke sa a jingine ta.

A fara da riwaya. Yawancin katunan da ake sayarwa a cike karatun Hafsi ne, don shi ya fi yawa a intanet. Dattijon da ya taso a makarantar allo kuwa Warshu ya haddace. Tun a Fatiha za a rabu, Hafsi na jan "Maaliki", Warshu ba ya ja. Ga imala, ga yadda ake sauƙaƙa hamza, har ƙidayar ayoyi ta bambanta, 6236 a Hafsi, 6214 a Warshu. Mai bin karatu da ka, in aka sa masa riwayar da ba tasa ba, tuntuɓe zai yi ta yi har ya fara zargin haddarsa. Sunan makaranci kaɗai bai isa shaida ba: Shehu Mahmud Khalil Al-Husari na Masar ya naɗi Alƙur'ani cikakke da Hafsi a 1961, ya sake naɗa da Warshu a 1964, saboda haka kati mai sunansa zai iya zama ko wanne. A kunna Fatiha da farkon Baƙara a saurara a gaban mai shago.

Tafsiri ma haka, har ya fi. Ba baƙon abu ba ne a gida ɗaya a samu uba ɗan ɗariƙa, ɗa ɗan Izala, ko akasin haka. In ɗan ya cika kati da malaman da shi yake saurare, tsoho ba zai ce uffan ba. Zai karɓa, ya sa albarka, bayan mako a ga rediyon a hannun jikoki. Tambaya ɗaya ce maganin wannan: "Baba, tafsirin wa kuka fi so a sa muku?" Ita ma Inna a tambaye ta daban, kada a ɗauka zaɓin mijinta ne nata. Da yawa daga cikin iyaye mata sun fi son karatun hukunce-hukuncen tsarki da salla da azumi cikin Hausa a kan dogon wa'azi.

Batun girman kati, kada mai shago ya ruɗe ka da manyan lambobi. Sautin MP3 mai matsakaicin kyau, wato 64 kbps, yana cin kamar mega 29 a awa guda. Alƙur'ani gaba ɗaya a haka ba ya kai giga 2. Tafsirin azumi na kwana 30, awa biyu kullum, shi ma kusan haka. Kati mai giga 8 ya isa har da ragowa. Wanda ya haura giga 32 yakan zo da tsarin exFAT, ƙananan rediyon nan kuwa da dama FAT32 kawai suke ganewa, sai a sa kati a ji shiru a ce rediyon ce ta lalace. Akwai kuma katin jabu, an rubuta 32 amma ainihin cikinsa kaɗan ne. Zai karɓi duk abin da aka tura masa ba gardama, surorin farko su yi lafiya, na ƙarshe su ƙi buɗewa. Gwajinsa a cika shi, sannan a kunna abin da aka tura a ƙarshe.

Lambobin fuskar nan su ne suka sa ta fi waya sauƙi ga tsoho. A danna 36 Yasin ta fito, 67 Tabaraka, 18 Kahfi ranar Juma'a, 56 Waƙi'a. Amma wannan ba ya yiwuwa sai an jera katin daidai, domin yawancinsu ba sunan fayil suke bi ba, suna bin wanda ya riga shiga kati ne. A goge katin tas, a tura surori 114 a jere daga 001, sai a biyo da sauran. In ko fayil ɗaya ya riga Fatiha shiga, kowace lamba ta goce da ɗaya. Mai tilawa izu-izu a nema masa karatun da aka yanka izu 60, lamba ta zama lambar izu. A rubuta jerin da manyan baƙaƙe, boko ko ajami, duk wanda mai ita ke karantawa, a liƙa a bayanta. Sannan a gwada abu ɗaya da ake yawan mantawa: a kashe ta a tsakiyar sura a sake kunnawa. Mai kyau tana ci gaba daga inda ta tsaya. Wadda ke komawa farko kullum ba ta dace da tafsirin awa biyu ba, ko da kyauta ce.

Batir iri biyu ne. Akwai falalen nan BL-5C irin na tsofaffin wayoyin Nokia, ƙarfinsa wajen 1000 mAh, yana da araha kuma ko a kasuwar ƙauye ana samun madadinsa. Akwai dogon nan mai kama da yatsa, 18650, wanda na gaske ke riƙe ninki biyu zuwa uku. In ka ga an rubuta 9900 a jikinsa, ƙarya ce. Ga garin da ake yawan ɗauke kuran, ko sai an kai caji shago, mai dogon batir ta fi. Ƙaramin faifan sola da ke bayan wasu kuwa kusan ado ne, wutar da yake bayarwa kaɗan ce, kuma shanya rediyo a ranar Afrilu kumbura batir take yi. Fitilar kanta ma tana shan wuta, gara a haɗa wa tsoho da tocila daban. Wasu masu ramin caji irin na sababbin wayoyi ba sa karɓar wuta sai da wayar caji mai faffaɗan kai a ɗaya ɓangaren, don haka a ajiye wadda ta zo da ita.

Mai murɗa sauti da hannu ta fi mai dannawa sauƙi, ko da yake ƙurar hunturu kan shige ta har ta riƙa ƙarar yashi. Jakar yadi tana rage wannan. A guji wadda ke ƙwala sanarwa da Turanci duk sanda aka kunna, mai tashi kafin asuba zai tada gida.

Wani amfani da ba kowa ya lura da shi ba: muryoyin dangi. 'Ya'yan da ke Yamai, Agadas ko Kano suna turo gaisuwa ta WhatsApp, jika ya karanto surar da ya haddace, amma duk yana maƙale a wayar wani. Waɗannan saƙonni suna zuwa ne da tsarin opus, rediyon ba ta karanta shi, sai an juya su MP3. Masu tura karatu a kati suna iya yi cikin 'yan mintoci. A zuba su a kati na biyu, kada su rikita lambobin surori, kuma kada muryar jika tana wasa ta faɗo a tsakiyar tilawa. Shi wannan kati na biyu sai mai zuwa gaisuwa ya riƙa sabunta shi duk zuwa, ya zauna su saurara tare, ya duba batir, ya busa ƙurar ramin kati. Kafin ya tashi ya bar Baba ya danna 36 da hannunsa sau biyu ko uku, ya kashe, ya sake kunnawa, har sai ya yi ba tare da an nuna masa ba.