Notepad++ da haruffa masu ƙugiya: abin da na gani bayan dogon amfani

Duk wanda ya taɓa buɗe fayil ya tarar da kalmar "ƙasa" ta koma "Æ™asa" ya san irin ɓacin ran da nake nufi. Wannan matsala ce ta kai ni ga Notepad++, manhajar rubutu ta kyauta wadda Don Ho ya fitar a shekarar 2003 don kwamfutoci masu Windows, kuma a kan yadda take kula da haruffa wajen adana fayil kaɗai zan auna ta.

Kwamfuta ba ta adana harafi a matsayin harafi, lambobi take adanawa, kuma tsarin da aka zaɓa lokacin adanawa shi ne ke faɗin wace lamba ce ke wakiltar wane harafi. Tsohon tsarin ASCII gurabe 128 kawai gare shi, babu ko wasali ɗaya mai alama a kansa. Windows-1252, wanda manhajoji da yawa ke kira ANSI, ya faɗaɗa zuwa gurabe 256, inda é da ñ da ü suka samu wuri, amma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba su samu ba. UTF-8 kuwa, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, yana ba kowane harafi bayit (wato ƙaramin gurbin adana lamba a kwamfuta) ɗaya zuwa huɗu, saboda haka yana ɗaukar haruffan Unicode, kundin da ya tattara haruffan harsunan duniya, baki ɗaya. A cikinsa ƙ bayit biyu ne, C6 da 99. Idan manhaja ta karanta su da tsarin Windows-1252, sai ta ɗauki kowanne a matsayin harafi mai zaman kansa, na farko Æ, na biyu ™. Ta wannan hanya ce ɗ ke komawa É— kuma é ke komawa Ã©.

Abin da ya fi burge ni a Notepad++ shi ne ba ta ɓoye wannan al'amari. A ƙasan taga, wajen dama, tana rubuta tsarin da take karanta fayil da shi, ta yadda kallo ɗaya ya isa mutum ya san inda yake. Sannan a jerin umarnin Encoding ta raba ayyuka biyu da mutane ke yawan gwamutsawa. Na farko shi ne sauya yadda ake karanta fayil ba tare da taɓa bayit ko ɗaya ba. Na biyu, mai farawa da kalmar Convert, shi ne sake rubuta bayit ɗin cikin sabon tsari. Akwai ranar da aka aiko mini da jerin kalmomi masu yawa, duk sun cika da Æ™ da É“, har wanda ya aiko ya fara shirin sake bugawa daga farko. Na buɗe fayil ɗin, na zaɓi a karanta shi da UTF-8, nan take "É“era" ta dawo "ɓera", sauran ma suka dawo cif. Rubutun lafiyarsa ƙalau tun asali, karatun ne aka yi da tsarin da ba nasa ba.

Sai dai a nan ne kuma nake ganin manhajar ta gaza wa sabon shiga. Ayyukan nan biyu suna jere a wuri ɗaya da sunaye masu kama da juna, babu bayanin da zai nuna cewa ɗaya ba ya cutarwa, ɗayan kuma yana iya jawo hasarar da ba ta gyaruwa. Wanda ya mayar da rubutun Hausa zuwa ANSI ya adana, ƙugiyoyinsa za su koma alamar tambaya, kuma da zarar an rufe fayil babu wata dabara da za ta bambance "?" ɗin da ke madadin ƙ da wadda ke madadin ɗ. Haka nan hasashen da take yi na tsarin fayil yakan kuskure idan rubutun gajere ne.

Batun BOM, alamar da ke nuna tsarin da aka adana fayil da shi, ma Notepad++ ta yi masa adalci, domin ta ware UTF-8 daban da UTF-8-BOM. Wannan alama bayit uku ce, EF BB BF, da ake sawa a farkon fayil. Excel yana dogara da ita wajen gane cewa fayil ɗin CSV (fayil ɗin jadawali da ake raba bayanansa da waƙafi) da aka danna sau biyu UTF-8 ne, yayin da wasu shirye-shirye ke nuna ta a matsayin ï»¿ a layin farko. Don haka nakan sa ta idan fayil zai shiga Excel, in cire ta idan shafin intanet ne.

Gaskiya ne cewa Notepad na Windows ya mayar da UTF-8 tsarinsa na asali tun 2019, kuma ya wadatar ga mai rubuta sabon abu. Amma ga wanda tsofaffin fayiloli ke ratsa hannunsa daga kwamfutoci daban-daban, Notepad++ nake ba da shawara, da sharaɗin ya shiga saituna ya tabbatar sababbin fayiloli suna farawa da UTF-8, kuma ya ajiye kwafi kafin ya danna Convert.