Na'urar gano ƙarfen nan ta ba ni kunya ranar babban ruwa

Tauraro biyu na ba ta, na biyun ma albarkacin kwabo ɗaya ne. Na'urar nan nake nufi mai araha da ake ta talla a intanet, wadda aka buga hoton wani da gajeren wando a jikin kwalinta yana yawo a bakin teku. Kun san kuɗinta, kun san masu sayar da ita. Ni dai ladan aikin dare uku na zuba mata.

Mutumin Gusau ne ni, irin wannan inji ba baƙona ba ne. Lokacin da zinaren Jado ya tashi a Nijar a 2014 na ga samari sun sayar da babura sun sayi nasu sun yi arewa. Da aiki ya kawo ni Biristol ta Ingila na ga tsofaffin Turawa suna yawo da shi a kan yashi suna tsintar zobba da tsoffin kuɗi, sai na ce ga abin rage zaman ɗaki. Watannin farko a busasshen yashi na yi ta gwada ta, can sama inda mutane ke zama da rani. Ba laifi. Fam ɗai-ɗai, mukulli, ƙaramin cokali, sai marfin lemon gwangwani kamar zan buɗe shago.

Amma duk mai wannan harka zai gaya maka kayan kirki ba a sama suke ba, suna ƙasa inda ruwa ke rufewa. Tekun wannan yanki kuwa ba irin na Legas ba ne da bambancin cikarsa da janyewarsa bai wuce kamar mita ɗaya ba. A nan yakan haura mita 12, a Avonmouth, tashar jiragen ruwan Biristol, har 14, sai ka je Kanada kafin ka ga wanda ya fi shi. Kuma da wata yake tafiya. Kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata, da kuma bayan ya cika a sha huɗu, rana da wata ke haɗa ƙarfi su ja ruwan, ya cika fiye da kullum, ya janye fiye da kullum. Wannan shi ne babban ruwa, na Maris da na Satumba kuma su ne manya. A ranakun nan ne ƙasar da ke kwana cikin ruwa kusan duk shekara take buɗewa na 'yan awoyi.

Na Maris 2024 ya faɗo daidai farkon azumi. Na ɗauki hutu takanas, na caja batir, na sayi takalmin roba mai dogon wuya da shebur mai huji-huji kamar rariya. Na isa bakin tekun Brean, kudu maso yamma da Biristol, na yi azahar a gefen mota, don a wannan gaɓar babban ruwa da tsakar rana yake janyewa. Da na ɗaga kai, wallahi babu teku. Fili ne fetal mai sheƙi har iyakar ganina, sai wani siririn layi can nesa. Na ce yau ake yinta.

Ina taka jiƙaƙƙen yashi na'ura ta haukace. Tit-tit-tiii, ƙiii, ba tsayawa, kamar rediyo ya ɓata tasha. Lambobin allon suna tsalle daga na ƙarfe zuwa na azurfa su dawo. Na ɗaga faifan da ake shafa ƙasa da shi sama ta yi shiru, na sauke ta ci gaba. Na rage ƙarfin jinta, na sake ragewa, na latsa maɓallin da aka rubuta wa "bakin teku", na kashe na kunna. Sai da na kai ta kusan ƙarshe sannan ta nutsu. Na jefa fam ɗaya a rami mai zurfin yatsa na rufe don gwaji, ta wuce ta kansa ko tari ba ta yi ba. Wato zaɓi biyu ta ba ni, ko mai surutu ko kurma. Rami goma sha na haƙa a kan ƙarya, da azumi a bakina, kowanne kafin in kai ƙasa ruwa ya cika shi gefensa ya rufta.

Wani dattijo Bature da ke nasa aikin can gefe, tasa na'urar shiru kamar ba a kunna ba, ya gaji da kallona ya matso. Ya juya tawa ya duba ya yi murmushi. Ya ce matsalar gishiri ce. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, irin tawa kuma da zango ɗaya tak take aika sigina cikin ƙasa, sai ta ɗauki gaɓar gaba ɗaya a matsayin ƙaton ƙarfe. Tasa tana aika zanguna da yawa lokaci guda, ta ware gishirin ta ji abin da ke ƙarƙashi. Na ce to ai an rubuta bakin teku a kwali. Ya nuna mini inda motoci suke, ya ce can ma bakin teku ne.

Wannan magana ta fi komai ƙona mini rai, don gaskiya ce. Ba su yi ƙarya ba, amma ba su faɗi gaskiya ba.

Shi ne kuma ya warware mini wani abu da na ɗauka na sani. Babban ruwa shi kaɗai ba ya kawo kaya. Ƙofa kawai yake buɗewa, iska ce ke yanke hukuncin abin da za ka tarar. Idan guguwa ta haɗu da cikar ruwa ta kwashe yashin sama, za ka ga gaɓa ta yanke kamar matakala, tsakuwa da yumɓu mai tauri sun fito, a nan zobe da dalma da tsohon kuɗi suke zaune saboda nauyinsu. Idan kuwa ruwan ya kawo sabon yashi ya jibge, ko injin miliyan gare ka marfin gwangwani za ka kwasa. Ya ce in duba inda ƙafata ba ta nutsewa, inda na fara samun dalmar masunta in tsaya.

Da na ji maganarsa da ba haka ba. Amma zuciya ta ce ka ɗauki hutu, ka ƙona mai, ka ƙara gaba kaɗan ko ta daidaita. Akwai allunan gargaɗi a kan laka a wurin, na gan su. Yashi ya fara laushi, ya koma taɓo mai ruwan toka, kafin in ankara ƙafar dama ta shige har ƙwauri. Na ja, ta hagu ta bi. Na dogara da sandar na'urar don in fita, makullin da ke riƙe tsawonta ya sake, ta zuge, na tafi gaba ɗaya a kan hannuwa. Kan na'urar mai allon ya faɗa cikin wani kwarin ruwa. Faifan ne kaɗai ba ya jin ruwa, wannan ma a shafin ƙarshe na takardar suka rubuta da ƙananan haruffa.

Ina ɗagowa na ga kwarin yana gudu, kuma ba wajen teku yake yi ba, wajen tudu yake yi. Ruwan nan ba ta gabanka yake zuwa da igiya ba, ta kwaruruka yake zagayowa ya tare maka baya. Kuma a awa ta uku da ta huɗu rabin cikarsa ke shigowa, wato a rana irin wannan mita uku a awa guda. Nan take na tuna Sinawan nan sama da 20 masu tsintar katantanwar teku da ruwa ya cinye a gaɓar Morecambe ta arewacin Ingila a 2004. Salati nake, na zare ƙafa na bar wa laka takalmi ɗaya, na rarrafa har inda ƙasa ta yi tauri. A mota na sha ruwa, da safa ɗaya, jikina yana wari kamar kwatami.

Sai dai in yi mata adalci. Kwana huɗu a kusa da hita ta farfaɗo, abin da ban zata ba. Bayan sallah aka yi iska mai ƙarfi, na koma, na tarar da irin matakalar da dattijon ya kwatanta, can sama inda yashi ya riga ya tsane. Ta yi ƙara ɗaya tsaf mai daɗi. Na haƙa na fito da ƙaton kwabon Ingila na jan ƙarfe, irin wanda suka daina kashewa a 1971, ya yi kore, kan Sarki Joji na Biyar da ƙyar ake gane shi. Na tsaya ina juya shi ina tuna kwabo mai huji da kakata ke ajiyewa a gwangwanin kwalli. A ranar har na ce wa maiɗakina kuɗina bai faɗi ba.

To amma da na zauna rubuta wannan sai abin ya dawo mini sabo. Tun da ta sha ruwan nan lasifikarta ke shaƙewa, rabin allon ya dushe, sandar kuma da salatif nake ɗaure ta. Na rubuta wa masu sayarwa, suka ce garanti bai shafi ruwa ba. Na'urar bakin teku, garantinta bai shafi ruwa ba! Na aika musu hoton kwalinsu da mutumin nan mai gajeren wando, har yau shiru. Ranaku nawa ne a shekara ruwa ke janyewa haka? A cikinsu ne kawai nake bukatarta, a cikinsu ne kuma ba ta da amfani.

Mai son tsintar canji a busasshen yashi ko ya ba yaro ya yi wasa a lambu, ya saya. Wanda ke jiran babban ruwan Satumba ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin mai zanguna da yawa, wadda kanta ma ba ya jin ruwa. Tawa tana bayan ƙofa tare da takalmi ƙafa ɗaya, mai so ya yi magana, rabin kuɗi.